Na biya kuɗin kwikwiyo ya hana ni ɗauka sai ta cika sati 8: sharhina kan wani mai kiwon karnuka a Jos

Tun kafin wani ya ce "kai kuma Malam me ya haɗa ka da kare", bari in fara da wannan mu wuce gurin. Ina da ɗan gidan kaji a bayan Dakace, in ka fita daga Zariya ka ɗau hanyar Jos, masu ƙwai ne, ba su da wani yawa amma su ne rufin asirina ni da iyalina. A damina ɗaya aka haura min katanga sau biyu, na farko aka kwashe buhunan abincin kaji tara, na biyu aka ɗauke injin jan ruwa da batirin sola, maigadi kuwa yana ɗaki yana sharar barci wai ƙarar ruwan sama a kwano ce ta hana shi jin motsi. Na tambayi malaminmu na unguwa yace ai hadisi a fili yake a Bukhari da Muslim, an yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, naka ai na gona ne, kawai kar ka mayar da shi ɗan ɗaki. Toh shikenan, daga nan neman kare ya fara, daga nan kuma na fara koyon karatu da kuɗin aljihuna.

Cinikin farko kunya ma nake ji in ba da labarinsa amma dole ne, don in ba shi ba ba za a gane dalilin da yasa nake yabon na biyun ba. Wani yaro ne na gani a sitatus ɗin wani abokina, hotunan 'yan kwikwiyo ɓul-ɓul da su tubarkallah, wai Alseshan ne tsantsa, irin karen 'yan sandan nan ɗan asalin Jamus. Na kira shi, baki kamar ya shafa zuma, "Alaji wata biyu cif, sun ci allura, sun sha maganin tsutsa, komai suna ci har tuwo". Nace ina uwarsu, yace tana Abuja gidan ogansa. Nace katin allura fa, yace zai turo daga baya. Duk amsoshin nan yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina, amma a lokacin abun da kunnena ya ji kawai shi ne biyu dubu 130, alhali na ji ana cewa guda ɗaya ma ya fi haka. Na tura kuɗi, washegari direba ya kira ni in zo Kwangila in karɓi saƙo. Kwalin taliya ne aka huhhuda, an cusa shi a but tsakanin buhun dankali da taya, a watan Disamba, hunturu na busawa.

Da na buɗe kwalin sai naga ƙananan abubuwa guda biyu sun cure guri ɗaya suna rawar sanyi, in sun tashi tafiya sai tangaɗi kamar 'yan maye. Daren nan ba wanda ya runtsa, kuka suke kamar jarirai har asuba, maman yara tace wallahi ko ka fitar da su ko ni in fita. Na dama musu madarar gari, da safe na sayo madarar shanu gurin 'yar Fulani don a tunanina gata nake musu, kafin la'asar zawo ya ɓalle.

Na kwashe su sai gurin wata likitar dabbobi a Samaru. Ko gama bayani ban yi ba ta ɗaga leɓen ɗaya ta leƙa bakinsa, ta kalle ni tace "Alhaji waye yace maka wata biyu?" Ta nuna min da yatsa, tace kwikwiyo ba haƙori ake haifarsa, wajen sati 3 suke fara tsirowa, kafin sati 8 kuma haƙoran nono 28 duk sun gama fitowa, waɗannan na gaba ne da fiƙa kawai suka fito, na bayan yanzu suke fasa dasashi. Ta ɗora su a sikeli kowanne kilo biyu da ɗan ɗoriya, tace Alseshan mai wata biyu ya kamata ya doshi kilo shida ko ya wuce. A lissafinta sati 4 ne zuwa 5, ba su fi haka ba. Maganar madara kuma tace nonon karya ya fi na saniya maiƙo da sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba, na saniya kuma ya fi yawan sukarin madara, cikinsu ba ya iya narkar da shi, shi yasa kake ganin zawo. Wato ni da hannuna na ƙara musu wahala.

Kwana huɗu bayan nan macen ta daina cin komai, sai amai, sai zawo mai jini da wani irin wari da har yau in na tuna sai zuciyata ta tashi. Parbo. Wanda bai taɓa kiwon kare ba ba zai san wannan sunan ba, ni ma ranar na fara jinsa, wata ƙwayar cuta ce da ta ɓulla a duniya wajen 1978, hanji take ci, kuma ba ta da maganin da zai kashe ta kai tsaye sai dai a yi ta ƙarin ruwa da allurar tsayar da amai ana addu'a jikin ya yi faɗan da kansa. Kwana uku ana mata ƙarin ruwa ta mutu. Namijin ma ya kamu amma Allah ya yi da sauran shan ruwansa, ya tashi bayan na kashe abun da ya ninka rangwamen da nake taƙamar na samu. Na kira yaron sitatus, lamba a kashe, har gobe. Araha dai ba ta ado.

Namijin nan shi ne Duna, yana nan a gona yanzu, zan dawo kansa.

Toh yanzu ga ainihin gurin da nake son yin magana a kai. Likitar ce ta ba ni lambar wani dattijo a wajen Bukuru, tace in dai da gaske kake je ka gan shi da idonka, amma ka tafi da haƙuri don mutumin yana da taurin kai. Ba zan sa sunansa ko lambarsa ba, ban nemi izininsa ba, kuma yadda na san halinsa ba zai so ba, ko allon talla babu a ƙofar gidansa. Kowa Baba yake ce mishi. Yace min ya yi shekaru yana kula da karnukan gadi a wani kamfani kafin ya yi ritaya, yanzu karyoyi uku gare shi da namiji ɗaya, shikenan jarinsa.

Na tashi sassafe na bi ta Pambeguwa da Saminaka da Jengre, na isa Jos wajen azahar a gajiye. Abun da na fara cin karo da shi a ƙofar gida wani faffaɗan faranti ne da ruwan Hypo a ciki, yace in taka da takalmina, ya zuba min ruwa da sabulu in wanke hannu har gwiwar hannu, sannan ya tambaye ni ko na shiga gidan wani mai karnuka yau. Nace a'a. Yace da ka shiga da a nan bakin ƙofa za mu gaisa ka koma. Ni da nake kiwon kaji na san wannan tsarin sarai, haka nake yi wa masu zuwa sarin ƙwai, amma ban taɓa kawowa a raina kare ma yana buƙatar haka ba.

Gurin ba wani na ƙawa ba ne, kar ka je da tunanin za ka ga tayil da gilashi. Ɗakuna ne na bulo da siminti a ƙasa, sai fili a tsakiya, amma tsaf, ba wari, ba ƙuda, ruwan shansu garau. Ya nuna min uban, wani ƙato mai baƙin baya wanda ya kalle ni sau ɗaya ya kau da kai, ko haushi bai yi ba tunda ya ga da maigidan na shigo. Ya nuna min uwar tana kwance 'ya'ya bakwai na hawa kanta. Sai ya ɗauko wani tsohon littafi mai kauri irin na rajistar makaranta, ranar da aka yi barbara, ranar haihuwa bayan kwana 63, ranar da kowanne ya buɗe ido, ya rubuta 12 ga wasu 14 ga wasu, nauyin kowanne duk sati, ranakun maganin tsutsa sati 2, sati 4, da gurbin sati 6 da 8 da ba a cike ba tukuna. Na tambaye shi me yasa tun suna sati biyu ake ba su maganin tsutsa bayan ko ƙasa ba su fara ci ba, yace ai da ita ake haifarsu, tun a ciki take ratsawa daga uwa, ta nono ma tana bi.

Ranar kwanansu 36 a duniya, sati 5 da kwana ɗaya kenan. Wata mace mai jajayen ƙafafu ta taho ta kama igiyar takalmina tana ja, nace wannan nake so. Yace dubu 200. Na yi ta fama, Baba a duba, Baba daga nesa na zo, ya rage dubu 20 yace daga nan ko ɗan'uwana ne albarka. Na tura mishi duka nan take, alat ya shiga, na miƙa hannu zan ɗauke ta, sai kawai ya riƙe min hannu.

"Ina za ka kai ta?"

Nace gida mana Baba, ba na biya ba?

"Ka biya, taka ce, amma ba yau ba. Sati uku ka dawo."

Wallahi raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Nace Baba ka san kuɗin man da na ƙona kuwa, ka san yadda hanyar nan take, ga ta tana cin abinci da kanta na gani da idona, me ya rage? Yace Alhaji in cin abinci ne kawai ai tun sati 4 suka fara lasar kunu, ba abinci nake jira ba. Nace toh a ba ni kuɗina. Ya ciro waya yace kawo lambar asusu, ko gezau bai yi ba, kuma na ga alama da gaske zai mayar. Nan jikina ya yi sanyi, don ɗan kasuwar da zai mayar da dubu 180 a wannan zamanin akan maganar sati uku, akwai abun da ya sani wanda ban sani ba. Ya jawo min benci yace zauna ka yi kallo, ba sai na yi magana ba.

Na fi awa ɗaya a kan bencin nan. Wani namiji mai ƙiba ya cafki kunnen tawa ya datsa, ta ƙwalla ƙara ta juya mishi baya ta tafi abunta, ya bi ta yana son a ci gaba da wasa ta ƙi kula shi, can da suka koma kokawa sai naga bakin nashi a buɗe yake kawai yana kamawa yana saki ba ya datsewa. Wani kuma ya je ya cafki nonon uwar da haƙoran nan masu kaifi kamar allura, ta tashi tsaye, ya sake bi, ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa ta sa baki ta danne wuyansa a ƙasa na ɗan lokaci ta sake shi, ya miƙe ya koma gefe ya zauna shiru kamar almajirin da ya sha bulala. Ba jini, ba rauni. Baba yace ka gani? Wannan makarantar ni ba ni da ita, kai ma ba ka da ita. A nan yake koyon cewa cizo yana da zafi, a nan yake koyon in an ce bari a bari, a nan yake koyon yaren 'yan'uwansa, wane gurnani ne wasa wane ne gargaɗi. Ka ɗauke shi yanzu, a hannun 'ya'yanka zai koyi ƙarfin haƙorinsa.

Sai Duna ya faɗo min a rai. Don Duna tun yana ƙarami in ya kama hannunka sai ya huda, ba da mugunta ba, bai san iyaka ba ne kawai, 'yar'uwar da za ta yi ƙara ta juya mishi baya ta mutu yana sati biyar. Yaron gonata har yau akwai tabo a ɗan yatsansa.

Sai kuma ya ƙara min da wata magana da ta fi shiga ta, yace kai mai kiwo ne, ka taɓa sayen ɗan akuya ɗan wata ɗaya ka raba shi da uwarsa? Nace wa zai yi haka. Yace toh me yasa in aka zo kan kare kowa sai yace ƙarami yake so wai don ya saba da shi? Kuma gaskiyarsa ne, wannan maganar "don ya saba da ni" ita ce dillalai ke cin kasuwa da ita, su kuma ribarsu biyu, ɗan kwikwiyo ɗan wata ɗaya ya fi kyau a hoto, kuma daga sati 5 zuwa 8 ne cin abincinsu ke tashi, ga kuɗin allurar farko, duk wanda ya sallame su da wuri ya tsallake wannan kashe kuɗin ya ɗora maka. Maharban ƙauyenmu ma da ba su san wani littafi ba ai ba sa ɗauke ɗa sai sun ga uwar ta fara korarsu da kanta.

Na dawo Zariya hannu rabbana, maman yara tana ta min dariya wai an sake damfarata. Ni kuma halina ne ba na yarda da magana don dattijo ne ya faɗe ta, na zauna da daddare na yi ta bincike a waya, abun mamaki duk inda na leƙa Baba ne a gaba. Wasu masana biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekara 13 suna nazarin 'yan kwikwiyo a garin Bar Harbor na jihar Maine, suka fitar da sakamakon a 1965, su ne suka nuna cewa tsakanin sati 3 zuwa wajen sati 12 ne kwikwiyo ke koyon wa zai yarda da shi, me zai ji tsoro. A Italiya kuma a 2011 aka buga wani bincike kan karnuka 140, rabi an raba su da uwa suna kwana 30 zuwa 40, rabi sai da suka kai kwana 60, waɗanda aka raba da wuri suka fi yawan haushi ba dalili, tsoron ƙara, tsoro in an fita da su, lalata kaya da rowar abinci. Ina karantawa ina ganin Duna layi bayan layi, kare ne da in aka yi tsawa sai ya shige ƙarƙashin tankin ruwa, amma in ka matso kusa da kwanonsa yana ci sai ya yi kamar zai cinye ka. A Ingila ma abun doka ne, ba a sayar da kwikwiyon da bai kai sati 8 ba, kuma tun watan Afrilun 2020 aka hana 'yan tsakiya da shaguna sayar da wanda bai kai wata shida ba, sai dai ka je gurin wanda aka haife shi a hannunsa ko gidan da ake tsugunar da dabbobi. Jihohi da dama a Amurka su ma sati 8 suka sa. Da a can ne yaron sitatus ɗina da yanzu yana amsa tambayoyi.

Ɓangaren lafiya kuma likitar Samaru ce ta warware min. Tace garkuwar da kwikwiyo ke da ita a farko kusan duk daga dakashi yake samunta, nonon farkon nan da yake sha a ranar da aka haife shi. Garkuwar nan tana raguwa a hankali, kuma muddin tana da ƙarfi allurar rigakafi ba ta kamawa sosai, sai a samu wani ɗan tsakani da ta uwar ta yi rauni ta allurar kuma ba ta tsaya da ƙafarta ba, shi yasa ba a yin allura sau ɗaya a ce an gama, ana farawa a sati 6 zuwa 8 a maimaita duk bayan sati uku ko huɗu har ya kai sati 16. Toh ka ɗauki ɗan sati huɗu, ka cire shi daga nono, ka sa shi a but, ka bi da shi tasha-tasha cikin sanyi, ga tsutsa a ciki ga canjin abinci, ai kai ka buɗe wa cuta ƙofa ka shimfiɗa mata tabarma.

Yanzu bari in faɗi abubuwan da ban ji daɗinsu ba, don ba talla aka biya ni in yi ba. Baba ba ya ɗaukar waya. Sai ka kira sau biyar a rana shiru, can bayan kwana biyu ya kira ka yace yana wankin ɗakuna. Mutum ya ajiye dubu 180 a hannunka ko ɗan hoto ai ka turo mishi ya ga abun da ya saya, sau ɗaya tak jikansa ya turo min bidiyo shi ma duhu ne ba a ganin komai. Rasit kuma a takardar da ya yago daga littafi ya rubuta min, ba hatimi ba komai, da wani abu ya same shi a cikin sati ukun nan ban san yadda zan yi da magada ba. Ba ya aikowa a mota ko nawa za ka biya, na fahimci dalili amma ga wanda ke Sakkwato ko Maiduguri wannan tafiya biyu ba ƙaramin abu ba ne. Lungun gidansa in damina ce ƙaramar mota sai an tura. Sannan akwai faɗa, yana yi wa mutum magana kamar ɗan firamare, na ga ya sallami wani mai babbar jif da ya zo da 'yarsa don kawai yace a keji zai ajiye karen dare da rana. Abincin buhu da yake cewa lallai shi za a ba su kuma tsadarsa ta fi ƙarfina, likita ta tsara min wani haɗin da ya fi sauƙi, ban dai gaya mishi ba.

Ranar da ta cika kwana 57 na koma. Na kusa kasa gane ta, ta zama biyun yadda na bar ta, kilo bakwai, tana gudu tana birki, kunne ɗaya ya fara miƙewa ɗaya a kwance. Uwar kuwa ta riga ta gaji da su, tana can kan wani dakali inda ba za su iya hawa ba tana kallonsu. Ya ba ni katin rigakafi da takardar kwalbar allurar manne a jiki, sa hannun likita da lambarsa da ranar komawa, ya ba ni abincin sati ɗaya a leda yace in zan canza in riƙa gaurayawa a hankali, sau huɗu a rana za ta ci, ba madara, ya kuma ba ni wani tsohon tsumma da uwar ke kwanciya a kai yace ka sa mata a makwanci. Na ɗauka camfi ne. Daren farko ta ɗan yi kuka kamar minti ashirin ta cusa hanci a tsumman ta yi barci, kashegari ko wannan babu.

Kafin in tashi ya tambaye ni ko na taɓa ajiye kare, na ba shi labarin parbo, nan take fuskarsa ta canza yace me yasa ban faɗa tun farko ba. Yace ƙwayar cutar nan tana iya yin watanni har shekara a cikin ƙasa, ba sabulu ba omo da ke kashe ta sai ruwan bilic, shi ma a kan siminti, turɓaya kam ba ta wankuwa. Ya sa na yi mishi alƙawari ba za ta taka gonar da Duna yake ba sai sati biyu bayan allurar ƙarshe. Haka aka yi, a tsakar gida ta zauna a wani ɗan ɗaki ta baya, da kwanonta daban da komai nata daban, maman yara ta sa sharaɗi ba ta ba ƙofar kicin ba ta ba inda ake sallah, aka kiyaye. Ya kuma ja min kunne ta ɗaya ɓangaren, yace kar ka ji nace sati 8 ka ɗauka daɗewa ita ce alheri, wanda aka kulle a keji har wata huɗu bai ga mutum ba bai ji ƙarar babur ba shi ma ya lalace, ƙananan karnukan nan masu gashi na cikin falo ne kawai yake ganin gara a bar su sati 10 zuwa 12. Don haka a watan farko ta ga yara, ta ga baƙi, ta ji janareta, ta ji ƙarar injin markaɗe, na riƙa ɗaukarta a mota tana leƙen titi ba tare da ta sauka ba, na kuma riƙa kawo kaza ɗaya daga gona tana gani ina hana ta bi.

Da ta cika wata uku aka yi mata allurar haukan kare, ita da Duna rana ɗaya. Wannan kam ko kare na gida ne ɗan unguwa a daure a yi mishi, cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke nan kusa da Bukuru, wadda ke aiki tun 1924, tana haɗa allurar a nan ƙasar, kuma haukan kare ciwo ne da in ya riga ya bayyana a jikin mutum sai dai a yi haƙuri. In tsautsayi ya sa kare ya ciji yaro a wanke gurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibiti a ranar, ba a tsaya neman gashin karen ba.

Guguwa muka sa mata. Yanzu watanta tara, tana gona. Ba ta haushin banza, in ka ji muryarta da daddare toh tashi ka duba, kaji na wucewa ta gabanta ko kallo ba su ishe ta ba, ƙaramin ɗana yana sa hannu ya ɗauke kwanonta tana ci ta bi shi da ido kawai. Duna kuwa haushi yake yi wa ganye in iska ta kaɗa, har maigadi ya daina tashi in ya ji shi, ka ga amfanin gadin ya tafi kenan. Ba zan ce sati ukun nan ne kaɗai suka bambanta su ba, ita na ga uwarta na ga ubanta, shi kuwa Allah kaɗai ya san waye ubansa don yanzu da ya girma kunnuwan ma sun ƙi tashi, ga jinyar da ya sha yana jariri. Amma ba laifinsa ba ne, kuma ba zan yar da shi ba, abun mamaki ma tun da Guguwa ta koma gona ya ɗan fara natsuwa, na ga ranar da ya cafke ta da ƙarfi ta juya ta danne shi kamar yadda uwarta ta yi wa mai ƙiban nan.

In maki ne ina ba Baba huɗu cikin biyar, ɗayan na cire shi ne saboda waya da rasit. Wanda ke son ya biya yau a kawo mishi gobe kar ma ya ɓata mansa. Karyarsa ta biyu za ta haihu nan da wata ɗaya, na kira shi sau shida kafin ya ɗauka nace a ajiye min namiji, kuma tun kafin ya buɗe baki nace na sani Baba, sati takwas. Yace a'a, naka tara, lokacin sanyi za su faɗo.